Batirin da Na Zaɓa wa Malam Yahaya

Na ji abin da kuka ce ɗazu. Ba kurma ba ne ni, kunnen hagu ne kawai ya yi ritaya. Wai gyaran babur ba sana'a ba ce, noti biyu za ka kwance, ka cire tsohon batir, ka sa sabo, shi ke nan. To, ku jawo bencin nan cikin inuwa. Ni ma na taɓa faɗin irin wannan magana da bakina, kuma na fi ku ɗaga murya, don a bakin tashar Makarfi na faɗe ta mutane suna ji.

Aikin babur na farko da na taɓa sa wa hannu, shekarar da aka sami mulkin kai ne. A lokacin ni mai gyaran keke ne, Sale mai faci ake ce mini. Ina da rumfar zana, da famfo, da gwangwanin sholisho, da sifana uku, ɗayar ma bakinta ya buɗe. Baburan ƙasarmu kuwa, daga Ikara har Kudan, kana iya ƙirga su da yatsu: na malamin gona, na malamin asibiti, na mai duba makarantu, sai na wasu masu sayen gyaɗa da auduga. In ɗaya ya lalace, a lori ake ɗora shi a kai Zariya. Ran nan malamin gona ya turo nasa, wani baƙin babur ɗan Ingila mai nauyin maraƙi, ya ce yana tari yana mutuwa, ko na san lorin da zai tashi yau. Na ce, "Ranka ya daɗe, wace Zariya? Ai babur keke ne aka ɗaura masa inji. Kawo shi nan."

Na kwance kafireta, wato wurin da fetur ke gauraya da iska, na baje ta a kan yashi, ko buhu ban shimfiɗa ba. Na wanke, na hura, na mayar. Da na gama sai ga abubuwa uku sun rage a ƙasa: wata 'yar allura, da ɗan sifirin, da wani zobe kamar na yatsan jariri. Malamin gona ya ce, "Waɗannan fa?" Na ce, "Ai Turawa ne da son ƙawa, ba su da wani aiki." Na tura su cikin hulata. Muka yi ta buga babur har azahar. Da can yana tari, yanzu ko tarin ya daina. Aka ɗora shi a lori, malamin gona ya ce ni ma in hau, in je in yi bayani da bakina.

A Tudun Wadan Zariya muka sauke shi a garejin Kofur Mamman. Tsohon soja ne, a yaƙin Bama ya koyi gyaran baburan masu kai saƙo, gajere, ba ya dariya sai da dalili. Ya buɗe kafiretar ya leƙa, ya ce, "Wane ne ya yi wannan aiki?" Na ce ni ne. Ya ce, "Ina sauran?" Na cire hula na zazzage masa a tafin hannu. Ya dube su, ya dube ni, ya ce wa malamin gona, "Jaki ne, amma jakin da ba ya zubar da kaya. Bar mini shi." Da haka na shiga koyon sana'a, ba da shawarar kowa ba. Sai da aka aika wa mahaifina cewa ina Zariya.

Shekarar farko ban taɓa sifana ba sai dai in miƙa. Aikina wanke ƙarafa a kwanon kananzir da jera su a kan buhu yadda aka ciro su, na farko a dama, na ƙarshe a hagu. Akwatin kayan aikin Kofur kore ne na soja, kowace sifana da gurbinta, in ka mayar da ɗaya gurbin wata zai sa ka juye akwatin duka ka sake. Shi ya koya mini jin ciwon inji: ka ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ka manna kunnenka a kan mariƙin, ka yi shiru. Shi ya koya mini karanta fulogi. In bakinsa ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari, injin na jin yunwa. In ya yi kalar soyayyar gyaɗa, ka mayar da shi ka rabu da abin mutane.

Akwai wani babur na mai sayen fata da aka kawo fuloginsa ya mutu, Kofur ya aike ni Sabon Gari in sayo. Na ga iri biyu, gajere da dogo, na ce ai dogo ya fi kai wuta ciki. Na ɗaura, na buga. Ƙara ɗaya muka ji, kamar an sari tukunya da muciya. Fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, ya taso ya daki bakin fulogin ya lanƙwashe shi, shi ma ya sami tabo a ka. Kofur bai buge ni ba. Ya rataya mini fulogin a wuya da zare, na yi sati ina yawo da shi, har masallaci. Ya ce, "Kayan gyara ba a zaɓensa da ido, ba a zaɓensa da wayo. Ka tafi da tsohon a aljihu, ka gwada su kafaɗa da kafaɗa."

Batir kuwa, ba irin naku na yanzu ba ne da yake zuwa a rufe. Namu baƙin akwati ne mai ɗaki uku, kowane ɗaki da murfinsa, a ciki faranta ne na dalma a jere cikin ruwan asid, an like saman da kwalta. Yana shan ruwa kamar ɗan akuya, kuma ba kowane ruwa ba. Na rijiya yana kashe shi. Da damina mukan ajiye tasar tangaran a fili, nesa da rufin kwano, mu tara ruwan sama a kwalabe, shi za mu yi ta ƙarawa har rani ya fita. Ranar jajiberen wata sallah aka aike ni in karɓo batir daga wurin caji. Na sa sabuwar rigata don a gani a hanya, na ɗora batirin a ka kamar mai tallar fura. Na ji ɗan danshi a wuya, na ce gumi ne. Da safe na ɗauko riga zan sa, sai ta biyo hannuna guntu-guntu, bayanta ya zama rariya. Da tsohuwar taguwa na je idi.

Dokar Kofur a kan sayen batir uku ce. Ka buɗe murfi ka leƙa da haske, ka ga farantan da idonka. Ka tsotsi ruwan da gilashin awo, wani bututu mai roba a ka da ɗan abu mai yawo a ciki, ka ga inda ya tsaya. Na uku, ka haɗa masa ƙwan fitilar babur, ka bar shi a kunne, ka tafi ka yi salla ka ci abinci, ka dawo ka ga ko hasken na nan yadda ka bar shi. Yakan ce, "Batir baƙo ne. Ranar da ya sauka kowane baƙo mutumin kirki ne."

Bayan shekara huɗu ya sallame ni, ya ba ni sifana shida da gilashin awo ɗaya. Na dawo Makarfi na kafa rumfa a gindin wata tsamiya kusa da kasuwa. Babura sun fara yawa, 'yan Japan sun shigo, marasa nauyi, marasa shan mai. Notinsu ba ya jin sifanar Ingila, sai da na cinye kan noti ya fi a ƙirga kafin na yarda na sayi nasu. Babu lantarki a garin, sai na shirya da mai injin niƙa, muka ɗaura dinamon tsohuwar lori, wato abin da ke ba da wuta, a jikin belinsa. Yana niƙa dawa, ni ina cajin batir. Masu babur suka san ni. Akwai hedimastan Kudan, wanda duk ƙarar da ya ji sai ya zo ya kwaikwaya mini da baki. Akwai wani mai sayen auduga a Ikara da ba ya canja baƙin mai sai ya koma kamar kunun kanwa. Na fara tsayawa da hannu a ƙugu. Aka daina ce mini mai faci, aka koma Sale Injiniya, ni kuma ban hana ba.

Cikin masu kawo mini aiki babu kamar Malam Yahaya, malamin asibitin garinmu, wanda mutanen ƙauye ke kira likita. Dogo ne, mai magana a hankali. Yana da akwatin katako da yake ɗaurewa a bayan babur, da allurai da magunguna a ciki, kuma duk ƙauyen da aka kira shi zai je. Babur ɗinsa irin sabbin nan ne da wutar fuloginsu daga batir take zuwa. Tsofaffin na Ingila suna da maganeto, ko babu batir za su tashi, fitila da hon kawai za ka rasa. Nasa kuwa, in batir ya mutu, babur ya zama turmi. Ba ya ciniki, ba ya tsaya mini a ka. Yakan ce, "Malam Sale, kai ka san wannan, ni na san wancan," ya nuna akwatinsa.

Sai shekarar wahala ta zo, ana tsakiyar yaƙin basasa. Masu shagunan kayan gyara a Sabon Gari da yawansu sun tafi tun kafin a fara, shagunan na rufe, kaya kuma ba sa shigowa. A shekarar na yanka gasket, abin hana inji yoyo, daga kwalin sukari. Na yi wayar kuloci da wayar birkin keke. Fulogin da ya mutu mukan gasa shi a garwashi, mu kankare, mu mayar, mu yi masa addu'a. Taya kuwa har ɗinki na kai wa baduku. Duk wannan ana lallaɓawa. Batir ne ba ya lallaɓuwa. Na Malam Yahaya ya tsufa, kullum sai an kai shi injin niƙa, ya ce mini, "In ka ji labarin sabo ko a ina ne, ka kama mini."

Wata ranar kasuwa wani mutum ya sauko daga lorin Kano da kwali a kafaɗa, da baƙin tabarau, ya zo kai tsaye rumfata. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce, "Kai ne Injiniya? Tun daga Kwanar Dangora ake ce mini in ba kai ba, babu wanda ya san batir a ƙasar nan." Ya buɗe kwali. Batura uku, baƙaƙe, suna ƙyalli, da takarda mai rubutun Turanci a jiki. Mutane suka taru. Na ce bari in ɗauko ƙwan fitila. Ya duba agogo ya ce lorinsu ba zai jira ba, kuma akwai mai so a gaba, shi dai ya fi son ya bar su a hannun wanda ya san darajarsu. Ya ƙara da cewa, "Irinku ai ba sai kun gwada ba."

Wannan kalma ita ta kashe ni. Na ɗauki ɗaya na jinjina a hannu, na juyo wajen jama'a na ce, "Ku koya. Batir na ƙwarai da nauyi ake gane shi, dalma ce a ciki." Na gilma waya a kan bakinsa biyu, wuta ta yi tartsatsi, mutane suka ce kai! Ban buɗe murfi ba. Gilashin awo na cikin akwati, taku biyu daga inda nake tsaye. Na saye duka ukun. Ɗaya na sa wa hedimasta, ɗaya mai auduga, wanda ya fi nauyi na ajiye wa Malam Yahaya. Da na ɗaura masa, bugu ɗaya babur ya tashi. Ya ce, "Allah ya saka da alheri." Na ce, "Wannan sai ka gaji da shi."

Kwana tara ya yi. Ranar ta goma da hantsi wani ya zo a keke daga wani ƙauye a bayan Dandamisa, ya ce macijiyar nan kasa ta sari wani manomi, Ɗanjuma, a fadamar rake. Malam Yahaya yana da allurar saran maciji a akwatinsa. Ya ɗaure ya hau. Hanyar gargada ce, ya wuce rabi, ya haye wani rafi, babur ya yi shiru kamar an toshe masa baki. Ya buga, ya tura, ya sake bugawa. Ko hon ba ya motsi. Mai keken da ya kawo saƙo ya tsaya hutawa a gari, babu kowa a hanya. Sai ya jingine babur a gindin ɗorawa, ya kwance akwati ya ɗora a ka, ya kama tafiya da ƙafa cikin rana. Wurin da ya kamata ya isa kafin azahar, sai bayan la'asar ya kai. Ya tarar ƙafar ta kumbura har gwiwa. Ya yi allura, Ɗanjuma ya rayu. Amma daga baya sai da aka kai shi asibitin Zariya aka yanke masa rabin tafin ƙafar. Ko da an isa da wuri za a ceci ƙafar, ko ba za a cece ta ba, Allah ne ya sani. Ni dai na san inda sa'o'in nan suka tafi.

Aka kawo babur a amalanken shanu, kuma aka yi rashin sa'a ranar kasuwa ce. Malam Yahaya ya ciro batirin da hannunsa ya ajiye a kan bencina. Ya ce, "Malam Sale, buɗe mana mu gani." Na zubar da ruwan, na gasa wuƙa, na yanke kwaltar saman, na ɗaga. A kowane ɗaki faranti uku ne kacal, tsofaffi, guntaye, an yanko su daga wani mataccen batir. Daga rabi zuwa ƙasa tsakuwa ce aka dama da kwalta. Girgizar hanya ta sa farantan suka karye suka haɗu. Mutanen da suka ji wa'azina ranar nan, su ne dai a tsaye. Wani mahauci ya sa hannu ya jinjina akwatin ya ce, "Gaskiyar Injiniya, akwai nauyi."

Malam Yahaya bai yi dariya ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka gwada shi kafin ka sa mini?" Na ce, "Ban gwada ba, Malam." Ya ce, "Kana da abin gwadawa?" Na ce ina da shi. Ya ce, "Ni ban san batir ba, kai ma ba ka san allura ba. In ka kawo mini ɗanka, na zuƙo ruwa daga kwalbar da ban karanta ba don mai sayarwa yana sauri, me za ka kira ni?" Ya juya ya tafi.

Washegari na hau keke, ni Injiniya, na tafi Kudan na cire na hedimasta, na wuce Ikara na cire na mai auduga. Kowanne sai da na yi masa bayani a ƙofar gidansa. Daga nan na tattara matattun batura biyar na tafi wurin Kofur Mamman. Na ba shi labari tun daga baƙin tabarau. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Da can kai jaki ne mai riƙon kaya. Yanzu ka zama doki, an yi maka kirari ka zubar da mahayi." Ya zaunar da ni sati biyu. Muka farke baturan, muka zaɓi farantan da ke da sauran rai, muka wanke, muka sa sabbin 'yan katakai a tsakaninsu, muka narka dalma muka haɗa, muka like da kwalta. Daga biyar muka fitar da ɗaya, mummuna, duk tabon wuƙa. Na kunna masa ƙwan fitila na zauna ina kallo kamar mai jiran haihuwa. Sai da na gwada shi kwana uku kafin na kai wa Malam Yahaya. Ya karɓa, batirin ya kai shi har ƙarshen yaƙi. Amma ya fi shekara yana tsayawa a kaina in ina masa aiki, abin da bai taɓa yi ba. Sunan Injiniya kuwa ya bi ruwa. Har yau in kun je wajen Dandamisa kuka ce Sale Mai-tsakuwa, tsofaffi za su nuna muku nan.

Bayan kaka, wata ranar kasuwa, sai ga wani mutum a kan jaki da damin rake biyu. Ya sauko da sanda, ƙafarsa ta dama a naɗe da tsumma. Ya yi sallama, muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya. Sannan ya ce, "Ni ne Ɗanjuma. An ce kai ne mai batir." Na ce ni ne, na fara neman kalmar ban haƙuri. Ya ɗaga hannu ya ce, "Bari, maigida. Abin da ya wuce rubutacce ne. Batirin yana nan?" Na jawo shi daga ƙarƙashin benci, don ban iya jefar da shi ba. Ya juya shi, ya leƙa tsakuwar, ya ce, "Ka ba ni." Na ce me zai yi da shi. Ya ce tun da aka yi masa aiki ba ya iya noma sosai, rake zai riƙa sayarwa, kuma in ya daɗe a zaune ƙafar na yi masa zugi sai ya ɗaga ta.

Na wanke shi da toka da ruwa, na mayar da murfin na like. Ya tsallaka hanya, daidai gaban rumfata, ya shimfiɗa buhu, ya jera rake, ya ɗora ƙafar a kan batirin. Nan ya zama wurinsa duk ranar kasuwa, shekara da shekaru. Duk wanda ya kawo mini babur sai ya gan shi. In baƙo ya tambaye shi wannan fa, sai ya nuna ni da wuƙar fere rake ya ce, "Wancan bakaniken ne ya zaɓa. Ka kai masa aikinka, yanzu yana dubawa."

Na sa batura a babura sun fi gashin kaina yawa. Mafi kyawunsu shekara uku ya yi ya mutu. Wannan ɗin kuwa sai da ya yi wa Ɗanjuma aiki har ranar da aka kai shi makwancinsa, ko sau ɗaya bai nemi caji ba.